Yadda ake wanke cikin injin kwale-kwale da ruwan daɗi

Duk injin da aka kawo mini daga Chorkor ko Jamestown, unguwannin masunta a Accra, da ƙorafin yana zafi, kafin in kwance shi na kan san abin da zan tarar. Da na cire murfin kan injin, sai in ga hanyoyin ruwa sun cika da wani farin ɓawo mai kama da kanwa, wani wurin ko tsinke ba ya shiga. Gishiri ne. Injin kwale-kwale ba shi da lagireto irin ta mota. Ruwan da yake tafiya a kai shi yake zuƙa ta ramukan ƙafarsa, wato ɓangaren da ke nutse cikin ruwa, wata ƙaramar fanka ta roba ta tura shi sama ya zagaye injin ya kwashe zafi, sannan ya fita. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kusan giram 35. Idan aka kashe inji, ruwan da ya rage a ciki yana bushewa, gishirin kuwa yana nan maƙale, yana toshe hanya yana cin alminiyon. Maganinsa ruwan daɗi ne da minti 15.

Fara da neman ruwa, don a Accra nan ne mutane suke tuntuɓe. Rijiyoyin bakin teku da yawa ruwansu zartsi ne, wanke inji da shi wahalar banza ce. Ɗanɗana tukuna. Idan harshenka ya ji gishiri, ka nemi na famfo, ko da sai ka saya a jarkoki. Ruwan sama da aka tara ma ya yi, muddin babu yashi a ciki.

Hanyar da ta fi dacewa da mu ita ce ta duro, domin famfo ba kullum yake kawo ruwa ba. Sami duro mai lita 200 da aka yanke bakinsa. Rataya injin a tsaye a kan katako mai ƙarfi, ka ɗaure kusoshin maƙalinsa tamau, ƙafar tana cikin duron ba ta taɓa ƙasa ba. Yamaha mai ƙarfin doki 40 da yawancin masuntanmu ke amfani da shi ya haura kilo 70, saboda haka ku ɗaga ku biyu. A fili za a yi aikin, ba cikin shago ko ɗaki ba, hayaƙinsa yana kashe mutum.

Kafin ka zuba ruwa, duƙa ka duba ramukan shan ruwa da ke gefen ƙafar. Wanda yake shiga teku ta kusa da bakin tafkin Korle ya san abin da kogin Odaw ke kwasowa, musamman da damina. Ledar fiya wata guda ɗaya ta isa ta rufe ramukan nan. Cire leda, ciyawa da yashi, ka duba bayan farfela ko zaren koma ya naɗe. Ni na fi son a cire farfelar gaba ɗaya, hankali ya fi kwanciya.

Yanzu zuba ruwa, kuma a nan nake son ka natsu. Saman farfela akwai wani faffaɗan faranti. Dole ruwa ya rufe shi, ya haura da kamar tsawon tafin hannu, saboda fankar robar tana sama da shi kaɗan, kuma sai ta jiƙe take iya jan ruwa. Idan ruwa ya tsaya a ƙasa, fankar za ta yi ta juyawa a bushe cikin gidanta na ƙarfe. Ba ta buƙatar minti guda kafin fukafukanta su ƙone. Akwai yaron da nake koya wa aiki, wata rana ya ja igiya duro bai kai rabi ba. Na ce, "Kai, kashe!" Ya ce, "Maigida, ai yanzu na tayar." Da muka sauke ƙafar, fukafukan sun lanƙwashe, biyu sun gutsure, sai warin ƙonanniyar roba. Guntayen da suka ɓalle kuma sun shige hanyar ruwa, muka wuni muna nemansu.

Tabbatar giya tana firi, ka kori yara daga wurin, sannan ka ja igiya. Bar shi a silo, kada ka taɓa totur. Mutane suna son su ji kukan inji, amma injin da ba ya ɗauke da kaya idan aka matsa masa wuta gudunsa yakan wuce ƙima.

Da ya tashi, idonka ya koma kan ɗan ramin da ke ƙarƙashin murfi, inda ruwa ke tsartuwa. Mu fitsarin inji muke ce masa. Cikin 'yan daƙiƙu ya kamata ya fito da ƙarfi, a miƙe. Idan bai fito ba, kashe nan take. Sau da yawa bakin ramin ne kawai ya toshe da gishiri ko yashi, sai ka zura zaren kamun kifi mai kauri ka buɗe shi, ka sake gwadawa. Idan har yanzu shiru, ko yana ɗiga kaɗan-kaɗan, fankar ce ta gaji, kai wa bakanike. Tara hannunka a ruwan: ɗumi daidai ne, amma idan ya kai ka janye hannu, akwai matsala a ciki.

Bar shi ya yi minti 10 zuwa 15. Dalilin jiran shi ne a kan injin akwai wani bawul da ba ya buɗewa sai inji ya ɗau ɗumi. Kafin ya buɗe, ruwan ba ya ratsa ko'ina da ƙarfi. Wanda ya tayar minti biyu ya kashe, rabin aiki ya yi. Ruwan duron zai riƙa ɗumi yana yin maiƙo, domin hayaƙi ta tsakiyar farfela yake fita, ga kuma man firimis, wato fetur da ke haɗe da baƙin mai. In ya ragu ka ƙara, in ya yi zafi ka sirka da sabo. Inji na biyu kuma sabon ruwa za a zuba masa, na farko ya riga ya sha gishiri.

Mai famfo da tiyo yana iya sayen robobin nan biyu masu kama da abin toshe kunne, a manna su a kan ramukan shan ruwa. Ƙa'idarsu ɗaya: ruwa shi ne farkon buɗewa, shi ne ƙarshen rufewa. Kada ka bar wurin, suna iya zamewa. Wasu sababbin injuna kuma suna da bakin da ake ɗaura tiyo kai tsaye, irin wannan yawanci a kashe ake wanke su, sai ka duba littafin injin.

Idan lokaci ya cika, kashe injin, ka fitar da shi ka bar shi a tsaye har ruwan ciki ya tsiyaye. Kada ka kwantar da shi da ƙafa sama da kai, ruwa zai gangara ta hanyar hayaƙi ya shiga silinda. Ɗauraye jikinsa, ka shafa giris a sandar farfela kafin ka mayar, ka duba ɗan ƙarfen nan da aka ɗaura a ƙafa don gishiri ya ci shi maimakon injin. In ya cinye rabi, a sauya, kuma ba a yi masa fenti.

Abin da ya fi shi ne a wanke duk dawowa daga teku, tun gishirin bai bushe ba. Na san mai fita kullum da asuba ba zai iya haka ba. To ga Talata, ranar da masuntan ƙabilar Ga ba sa shiga teku, kwale-kwale duk suna kan yashi ana ɗinkin koma. A ware ta. Haka kuma duk lokacin da za a ajiye inji na makonni, kada a jingine shi sai an wanke. Fankar roba kuwa ina sauya wa mutanena sau ɗaya a shekara ko da fitsarin yana fita da kyau, kuma ina ba su tsohuwar su ajiye a cikin kwale-kwale tare da sifana.