Darasi na 14: Ɓeran da ya dace da ƙaramar mesa

Ranar da na fara kawo wannan darasi a aji, wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, yanzu kuma maciji za mu koyi ciyarwa?" Aji ya ɗauki dariya. Na ce, "Baba, ba sai ka ajiye shi a ɗakinka ba. Akwai masu cin abinci da wannan aiki, kuma cikinsa akwai awo da lissafi, su ne suka tara mu a nan."

Mesar da muke magana a kanta ba babbar nan ba ce mai haɗiye akuya. Wata ƙarama ce marar dafi, mai sanyin hali, wadda idan ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya. Tsawonta ba ya cika wuce mita ɗaya da rabi. 'Yar ƙasarmu ce, ana samun ta a dazuzzukan Gana da Togo da Binin da Najeriya. A wajejen Lome da Kwatano da Ankara ta Gana akwai gidajen da ake ƙyanƙyasar ƙwanta, a raini 'ya'yan, a tura su Amurka da Turai inda mutane ke kiwon su a gida kamar yadda muke kiwon tantabara. Fitar da ita waje sai da takardar izinin hukuma. Idan ta sami kulawa tana kaiwa shekara 20 zuwa 30, saboda haka wanda ya ɗauko ta ya ɗauko aiki mai tsawo.

Abincinta ɓera ne, kuma ɗungum take haɗiye shi, ba ta taunawa. Shi ya sa girman ɓeran shi ne kan magana.

Awo da ido, awo da sikeli

Ka dubi jikin mesar, ka nemi inda ya fi kauri, wato wajen tsakiya. Ɓeran da za ka ba ta kaurinsa ya zo daidai da wannan wuri, ko ya ɗara kaɗan. Kada ka yi awo da kanta. Kan ƙarami ne, amma muƙamuƙinta na buɗewa fiye da yadda kake zato, sabon shiga kuwa yakan dubi ɗan kan nan ya ji tausayi, ya yi ta ba ta 'yan mitsi-mitsin ɓeraye har ta rame. Idan ta ci wanda ya dace za ka ga ɗan tudu a cikinta, bayan kwana ɗaya ko biyu ya baje. In ba ka ga tudu ba sam, loma ta yi kaɗan. In kuwa fatar wurin ta miƙe har ana ganin tsakanin ɓawon jikinta, tana ta juyi ta kasa kwanciya, to ta haɗiyi taɓarya, kuma kun san yadda mai haɗiye taɓarya ke kwana.

Ido na yin kuskure. Ni na fi amincewa da sikeli, irin ƙaramin nan na kicin mai nuna giram. Ka ɗora roba a kai, ka mayar da lambar zuwa sifili, ka sa mesar a ciki, ka rubuta nauyinta. Mesa mai tasowa ana ba ta ɓeran da ya kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta.

Lissafin ba wuya. Don samun kashi 10 cikin 100, ka raba nauyin gida goma. Mesa mai giram 200, kashi 10 ɗinta giram 20 ne. Don samun kashi 15, ka ƙara rabin abin da ka samu: 20 da 10 sun zama 30. Ke nan ɓeranta ya kasance tsakanin giram 20 da 30. Jinjirar da ba ta daɗe da fitowa daga ƙwai ba, mai kamar giram 80, nata tsakanin giram 8 ne da 12. Mai giram 400 kuma daga 40 zuwa 60.

Wannan ƙa'ida ta masu tasowa ce, ba ta manya ba. Idan mesa ta gama tasowa sai a rage, a koma wajen kashi 5 zuwa 7, in ba haka ba ta yi teɓa, jikinta ya zama kamar tsiran alade, fata tana naɗewa idan ta lanƙwasa. Jinjira na ci duk kwana 5 zuwa 7, matashiya duk kwana 7 zuwa 10, babba kuwa sau ɗaya a mako biyu ko uku ya wadatar.

Ɓera iri biyu

A bakinmu duka ɓera ne, ko kusu a wajen Sakkwatawa, amma na kiwo yawanci jinsi biyu ne. Akwai ƙaramin jinsi, wanda ko ya tsufa da ƙyar ya wuce giram 40. Akwai babban jinsi, wanda ke wuce giram 300. Masu sayarwa suna kasa su bisa shekaru: jajayen jarirai marasa gashi, waɗanda gashi ya fara tsiro musu, waɗanda aka yaye, sannan manya.

Shawarata ka saba wa mesarka da 'ya'yan babban jinsi tun tana ƙarama. Dalili kuwa, mesar nan akwai ta da tsirfa. Idan ta saba da warin ƙaramin jinsi, ranar da ta girma ka kawo mata babba sai ta kau da kai, ka koma ba ta ƙanana uku ko huɗu a zama guda, ga tsada ga wahala. In ka riga ka makara, ka goga babban ɓeran a cikin dusar kejin ƙananan don ya ɗauki warinsu. Sau da yawa dabarar tana ci.

Kada ka ba ta ɓeran gida

Nan ne nake so a buɗe kunne. Mutum zai ce, ga ɓeraye sun addabe ni a rumbu, me zai sa in sayi wani? Na san wani yaro da ya yi wannan tunani. Ya ga ɓera yana tangaɗi a tsakar gida da rana tsaka, ya sa kwano ya kife shi ba wata wahala, yana murna ya sami na banza. Ashe maƙwabta sun zuba shinkafar ɓera. Gubar da ta sa ɓeran tangaɗi ita ta bi shi cikin mesar.

Ko babu guba, ɓeran gida da na daji suna ɗauke da tsutsar ciki da ƙuma. Abin da ya fi wannan muni ya shafe ka kai kanka. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno a yau, ɓera mai nonuwa da yawa ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi. Kama shi da hannu wasa da rai ne. Turawa suna kiwon wannan jinsi a keji don ciyar da mesa, tana kuma son sa ƙwarai don irin abincinta ne na daji, amma nasu an haife su a keji kaka da kakanni. Kai ka tsaya ga fararen ɓeraye na kiwo, daga hannun wanda ka ga tsaftar wurinsa da idonka. Gafiya da jaɓa ma ka bar su.

Mai rai ko matacce

Matacce ya fi. Ɓera mai rai yana da haƙora, idan mesa ba ta jin yunwa shi ne zai juya ya gwaguye mata baya, ita kuwa sai dai ta dunƙule. Yawancin masu kiwo suna sayen waɗanda aka kashe aka daskarar a firiza. Za ka fito da guda, ya kwana a firij ya saki, sannan ka ƙulle shi a leda ka tsoma a ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba. Ka matsa cikinsa da yatsa: in akwai sauran ƙanƙara, bai yi ba. Ɗumin nan dole ne, domin a saman leɓenta akwai 'yan ramuka da take jin zafin jikin abin farauta da su, ɓera mai sanyi kuwa kamar dutse yake a wajenta. Ka riƙe shi da dogon hantsaki, ka ɗan motsa shi a gabanta bayan magariba, lokacin da take fita farauta.

Mu da wuta ke yi mana wasa sai mu ƙara lura. Idan firiza ta kwana biyu babu wuta, ɓerayen suka narke suka fara wari, zubarwa za a yi. Ka ware musu mazubi mai murfi nesa da naman miya, ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa su.

Bayan ta ci, ka ƙyale ta kwana biyu ba ɗauka ba jagwalgwalo, kuma gefe ɗaya na akwatinta ya kasance da ɗumi kamar digiri 31 don abincin ya narke. Idan ta yi amai, ka ba ta hutun mako biyu, ka dawo da ɓeran da bai kai na baya ba. Idan idonta ya yi fari-fari kamar an shafa madara, saɓa za ta yi, kuma yawanci ba ta ci a lokacin. Da hunturu ma manya, musamman maza, sukan yi makonni suna ƙin abinci. Muddin sikeli bai nuna tana zubewa ba, ka bar ta. Jinjira ce ba a sakaci da yajinta.

Aikin gida

Ka ja layi huɗu a littafinka, ka rubuta a sama: kwanan wata, nauyin mesa, nauyin ɓera, ta ci ko ba ta ci ba. Sannan ka amsa waɗannan:

1. Mesa mai tasowa tana da giram 300. Ɓeranta zai kasance daga giram nawa zuwa nawa?
2. Wata tana da giram 120, mai sayarwa ya miƙo maka ɓera mai giram 35. Za ka karɓa? Rubuta dalilinka a jimla ɗaya.
3. Ka ciyar da jinjira ranar Talata, 3 ga wata, kana ba ta duk kwana 7. Rubuta ranaku uku masu zuwa da za ta ci.