Yadda Za Ka Gane Kan Jidda: Titunanta, Zafinta da Ruwanta

Yawancin mutanenmu ta tagar mota suka san Jidda: a sauka daga jirgi, a shiga bas, sai Makka. Ga 'yan Saudiyya kuwa wurin hutu ce, birnin bakin Bahar Maliya mai mutane kusan miliyan huɗu, inda ake zuwa shan iska da cin kifi. Duk wanda zai kwana biyu a cikinta, don sayayya ko jiran jirgi ko hutawa bayan Umara, ya fara riƙe abu ɗaya: garin dogo ne siriri, ya miƙe daga kudu zuwa arewa, teku ta tokare shi ta yamma, duwatsu sun tokare shi ta gabas. Tsarin titunansa da guminsa da ambaliyarsa duk daga nan suka taso.

Da farko ka gano inda teku take, ka ba ta baya. Ka fuskanci gabas ke nan, kuma kusan alƙibla, domin Makka na gabas da Jidda da tazarar kilomita 70 zuwa 80, da 'yar karkata zuwa kudu. In kana tsakiyar gari, hagunka arewa ne, inda filin jirgin Sarki Abdul'aziz da unguwar Abhur suke. Damanka kudu ne, wajen tsohon gari da tashar jiragen ruwa da masana'antu.

Manyan titunan da ke bin tsawon garin jere suke. Daga bakin ruwa akwai Kurnish, sai titin Sarki Abdul'aziz, sai titin Madina wanda shi ne ƙashin bayan gari, sai titin Sarki Fahad, sai na Yarima Majid, can gabas kuma babbar hanyar Haramaini. Waɗanda ke ratsa su daga gabas zuwa yamma su ne ma'aunin nisanka: in ka taso daga kudu za ka tarar da Falasɗinu, sai Tahliya, sai Sari, sai Hira. Mahaɗar biyu daga cikinsu ta isa kwatance.

A nan baƙo ya fi ruɗewa, saboda sunan allo daban, sunan baki daban. Direba ba zai ce maka titin Sarki Fahad ba, Sittin zai ce. Na Yarima Majid kuma Saba'in. Tahliya ma laƙabi ne, ma'anarsa tace gishiri daga ruwan teku, kuma shi ne ruwan da garin ke rayuwa a kai. A allo sunan Yarima Muhammad bin Abdul'aziz za ka gani. Ka riƙe sunayen biyu. Kada kuma ka dogara da kwatancen wanda rabonsa da garin tun kafin 2021. Daga ƙarshen wannan shekara zuwa 2022 an rushe tsofaffin unguwanni da dama, har da Sabil da Hindawiyya da Karantina, inda 'yan Afirka ta Yamma suka daɗe da zama. Shagon da aka kwatanta maka yana iya zama fili yanzu.

Masauki ka zaɓe shi bisa abin da ya kawo ka. Mai sayayya ya kusanci Balad, tsohon garin da Halifa Usman ya mai da shi tashar jiragen ruwan Makka a shekara ta 26 bayan Hijira. An rushe ganuwarsa a 1947, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, kuma gidajensa na dutsen murjani masu tagogin katako sun cancanci a ɓata musu yamma guda. Mai neman iskar teku ya nufi Hamra ko Shaɗi, ko can arewa a Abhur. Kuskuren da aka fi yi shi ne kama ɗaki a Abhur alhali harkokin mutum suna Balad. Tsakaninsu ya haura kilomita 30, babu jirgin ƙasa na cikin gari, kuma bayan isha'i cunkoso yake tsananta, don a lokacin mutanen gari ke fitowa.

Jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, tasha biyu gare shi a Jidda: ɗaya a Sulaimaniyya, ɗaya a filin jirgi. Ka duba wacce ke jikin tikitinka kafin ka kira mota. Haka ma filin jirgin, zauren alhazai mai rumfuna daban yake da sabon zaure na ɗaya, kuma ba tafiyar ƙafa ba ce tsakaninsu.

Sai zafi. Wanda ya saba da bazarar Kano ko Damagaram zai ga digiri 38 a waya ya ce ai mun saba. Ba iri ɗaya ba ne. Zafin bazararmu busasshe ne, gumi na fitowa ya bushe, jiki ya huce. Iskar Jidda a jiƙe take da tururin teku, gumi ba ya bushewa, sai ya yi ta zuba jiki bai sanyaya ba, dare ma ba ya kawo sauƙin kirki. Agusta da Satumba sun fi muni wajen wannan laima. Mafi tsananin zafin da aka auna a garin digiri 52 ne, a Yunin 2010. Hukuma kanta takan hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, to baƙo ma ya bi wannan doka a kan kansa. Ka fita bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, ka sa tufafin auduga masu sakewa, ka sha ruwa tun kafin ƙishi. Ciwon kai da jiri alama ce a nemi inuwa nan take. In mutum ya fara ruɗewa a kira 911.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ne garin ke da daɗi, rana wajen digiri 29, dare wajen 20. Ka kula da iska: ta arewa ita ce mai sauƙi, in ta juyo daga kudu sai ƙura da cunkushewar numfashi, mai asma ya zauna a ɗaki.

Ruwan sama shi ne abin da baƙo ya fi rainawa, alhali kuwa yana kisa. A shekara Jidda ba ta cika samun abin da ya wuce milimita 60 ba, galibi tsakanin Nuwamba da Janairu. Sai dai yakan sauko ne gaba ɗaya. Duwatsun gabas ba sa shan ruwa, sai ya gangaro ta busassun kwaruruka ya nufi teku, garin kuma a kan hanyarsa yake zaune. Ranar 25 ga Nuwamba 2009, daidai da 8 ga Zulhajji, ambaliya ta kashe mutane fiye da 120, unguwar Ƙuwaiza ta gabas na cikin waɗanda suka fi shan wahala. Ta sake aukuwa a Janairun 2011. An gina madatsu da magudanai bayan nan, amma ranar 24 ga Nuwamba 2022 milimita 179 suka sauka a kudancin garin cikin sa'o'i shida, aka rufe hanyar Makka na wani lokaci.

Saboda haka in hadari ya haɗo a waɗannan watanni, ka duba sanarwar hukumar yanayi kafin ka fita. Kada ka yarda direba ya shiga gadar ƙasa da ruwa ya fara taruwa a cikinta. Zurfinta ba ya ganuwa daga sama, kuma nan motoci ke nutsewa. In ruwa ya kai ƙofar mota, a fita a hau tudu. Mai shirin hawa jirgi a irin wannan rana ya ƙara sa'o'i biyu a kan lissafinsa. Bayan ruwa kuma a kiyayi sauro, don zazzaɓin dengi ya daɗe a garin.

Tekun ma a yi mata ladabi. Yawancin bakin Kurnish na kallo ne, ba na wanka ba, ƙarƙashinsa murjani ne mai kaifi, kuma bayansa ruwan kan zurfafa farat ɗaya. Ka shiga inda aka keɓe kawai, inda akwai masu ceto, da takalmin roba a ƙafarka. Gishirin Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna, don haka ka ɗauraye jiki da ruwan daɗi da zarar ka fito, musamman idanun yara.