Yadda ake hawan Dutsen Tubkal idan dusar ƙanƙara ta rufe shi

Dutsen Tubkal na ƙasar Maroko tsayinsa mita 4,167 ne, kaf Arewacin Afirka babu wanda ya kai shi. Da zafi, mai juriyar tafiya zai iya hawansa da takalmi mai kyau kawai. Daga wajen Disamba zuwa Afrilu kuwa dusar ƙanƙara ke mulki, kuma yanayinta yana sauyawa da tafiyar rana. Wanda ya iya karanta abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa shi ke dawowa lafiya, don haka a kansa zan fi tsayawa.

Daga Marrakesh za ka shiga tasi zuwa ƙauyen Imlil, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. A nan za ka ɗauki ja-gora mai lasisi, kuma dole ne, domin tun bayan kisan wasu mata Turawa biyu a yankin a Disambar 2018 jami'an tsaro ba sa barin baƙo ya hau shi kaɗai. Ka ajiye fasfonka kusa, za a duba shi a hanya.

Shagunan Imlil suna ba da hayar gatarin ƙanƙara da kiramfon, wato ƙarafa masu haƙora da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi. Kada ka karɓa ka jefa a jaka. Zauna a bakin shagon, ka ɗaura su a takalmin da za ka hau da shi, ka ja igiyar ta matse, maɗaurin yana ta gefen waje, sannan ka girgiza ƙafa. In ƙarfen ya yi motsi, a gyara shi nan take, don gyaransa a duhu da yatsun da sanyi ya kama wahala ce babba. Takalmin ya zama mai taurin ƙasa, wanda ruwa ba ya shiga. Tufafi kuma hawa-hawa: na ulu ko na roba a jikin fata, mai ɗumi a kai, sai rigar tare iska. Auduga ka bar ta a Marrakesh, tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya hutawa sai sanyi ya ratsa ka.

Ranar farko tafiyar awa biyar zuwa shida ce, ta hubbaren Sidi Shamharush mai farin dutsen nan, zuwa masaukan da ke wajen mita 3,200. Alfadarai suna tsayawa inda dusar ta fara, daga nan kayanka sai bayanka ko ɗan dako. Ka ci abinci ko ba ka jin yunwa, ka sha ruwa da yawa. Ɗan ciwon kai a wannan tsayin ba abin mamaki ba ne, amma in ya haɗu da amai ko tangaɗi, magani shi ne sauka.

Ana tashi kafin asuba da fitilar goshi. Ni nakan yi alwalata a masauki, in tsane hannu sarai kafin in sa safar hannu. A wannan lokacin dusar ta daskare, haƙoran kiramfon suna kama ta da ƙara ƙaras-ƙaras, kuma shi ne mafi daɗin tafiya. Ka riƙa dasa tafin ƙafa gaba ɗaya yadda duk haƙoran za su shiga, ka ɗan buɗe ƙafafu kamar mai tsallake kwata, don kada haƙori ya cafki wandonka. Gatari a hannun da ke ta gefen tudu, kullum. Ka sa ja-gora ya nuna maka yadda ake kifewa a kan gatarin a tsayar da zamewa, a ɗan gangare kusa da masauki, tun da yammacin da kuka iso.

Abin da na fi tsoro shi ne sabuwar dusa da iska ta tara a gangare. In an kwana ana zuba ta, ka haƙura kwana ɗaya ko biyu ta zauna. In ka taka ka ji wani sauti mai zurfi a ƙarƙashinka, ko ka ga tsaga ta gudu daga bakin takalminka, to falalen dusar yana shirin zaftarewa ne. Ku juya, ko da ƙololuwar tana gabanku.

Daga mashigin Tizi n'Tubkal iska take tsananta, hanya ta ƙuntata, ga rami a gefe. Gorar ruwa da waya su kasance cikin riga, in ba haka ba ruwan ya daskare, batir ya mutu. Baƙin tabarau kuma kada ya bar fuskarka da zarar rana ta fito, hasken da dusar ke maidowa yana ƙona ido.

Kafin ku bar masauki ku yanke lokacin juyawa, kun kai ko ba ku kai ba. Wajen azahar dusar ta yi laushi, tana dunƙulewa a ƙasan kiramfon har haƙoran su daina kamawa, ga gwiwa ta gaji. Duk 'yan taku kaɗan ka ƙwanƙwasa gefen takalmi da ƙotar gatari dunƙulen ya faɗi, kuma kada ka kwance ƙarafan sai ka taka ƙasa tsurarta.