Yadda ake tsallake Kwara da iyo, kamar yadda na koya a Yawuri

Ranar da na ce zan tsallake ruwa da iyo daga bakin gaɓa zuwa gungun da ke gabanmu, kawuna bai hana ni ba. Kara ya tsinka ya jefa a ruwa, ya ce, "Ɗan nan, bi shi da ido, ka faɗa mini inda zai kwana." Kafin in ƙirga sittin karan ya yi nisan da sai na kare ido da hannu nake hango shi. Ya ce, "To, kai ma kara ne."

Kawu Basarke ne, su ya gada kaka da kakanni, kuma abin da zan faɗa a nan rabinsa nasa ne, rabi kuwa ruwan da na sha ne ya koya mini.

Mai iya iyo a kududdufi ko a wurin wanka na otal yakan ɗauka ya gama. Ruwan kogi tafiya yake yi, kuma da kai zai tafi. Ka yi lissafi tun kana tudu: a ce faɗin wurin mita 300 ne, kai kuma kana cinye shi a minti 10. In ruwan yana gudun rabin mita a daƙiƙa, wanda bai ma kai tafiyar ƙafa ba, to kafin ka taɓa ƙasa ya gangara da kai mita 300 cif. Saboda haka ba daga inda kake hango masaukinka za ka faɗa ba. Ka taka gaɓa ka haura sama, wajen da ruwan ke fitowa, gwargwadon abin da karanka ya nuna maka, ka ƙara kaɗan. Ka zaɓi masauki mai faɗi, rairayi ko mashaya, kuma ka san wani na biyu a ƙasa da shi ko da ka wuce na farkon. In ka ga ka wuce, kada ka juya ka yi kokawa da ruwa. Nan ne ƙarfi ke ƙarewa. Ka ci gaba da yankawa a karkace, ka fita inda ya ajiye ka, ka dawo da ƙafa. Ni na taɓa dawowa tafiyar rabin awa cikin ƙaya, ba takalmi, yara suna yi mini dariya.

Lokaci ma a duba shi. Kwara sau biyu take cika a wajenmu. Akwai farin ruwa na damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, mai laka, mai ɗauko itace da shara. Wannan ba na wasa ba ne, ko Sarkawa a jirgi suke bin sa. Sai baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya iso mana cikin hunturu ya riga ya tace. Ya fi kyan gani, amma da sanyi, kuma sanyi ke ɗaure jijiyar ƙafa. Na fi son bayan hunturu, da hantsi, kafin iska ta tashi. Da yamma tafkin Kainji yakan yi igiyar da ke marin fuska, kuma in ka hango hadari ya haɗo daga gabas, ko ka riga ka tuɓe riga, mayar da abarka.

Kada ka shiga kai kaɗai, ko da kai ne gwanin unguwarku. A samu kwalekwale ya bi ka, da mutum biyu: ɗaya riƙe da filafili, ɗaya ba shi da aiki sai kallonka, da dogon gora a hannu. Jirgin ya tsaya ta ƙasanka kaɗan, ta yadda in ka gaji ruwa zai kawo ka gare shi. Sannan ka ɗaura galan na lita 5, babu kome ciki, murfinsa a ɗaure tam, da igiya kamu uku ko huɗu a ƙugunka. Ba ya hana iyo, bin ka yake a baya, in numfashi ya sarƙe ka jawo shi ka rungume. Masu ganin wannan ragwantaka ce su je Argungu su ga masuntan kogin Matan Fada, kowa da ƙatuwar gorarsa yana kwance a kanta. Mutanen da ke gasar kabanci, masu nutso da kama agwagwar ruwa da hannu, ba su raina gora ba. Waɗanda ke cikin jirgin kuma su sa rigar kariya. Haɗarin jirgin Warra na watan Mayun 2021 har yanzu bai bar bakin mutanen yankin nan ba.

Kafin duk wannan, je ka gai da Sarkin Ruwa ko dattawan masunta na wurin, ka tambaye su abu uku: ina aka kafa kalli (ragar kamun kifi da ake kafawa cikin ruwa), ina aka shimfiɗa mamari, ina dorina ke kwana. Mamari ya fi ba ni tsoro a kan kada. Doguwar igiya ce mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, ba a sa musu abinci, kifi na wucewa su kama shi ta jiki, kuma ba su san bambancin giwan ruwa da cinyar mutum ba. Shi ya sa wasu ke rataya 'yar wuƙa cikin kube a wuya. Dorina kuwa ba a gwada mata gwaninta. In an ce tana wurin, sauya wuri, musamman mai ɗa. Akwai kuma kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, lokacin da tsohuwar Busa ta nutse aka tashi mutane zuwa sabuwa. In ruwa ya ja baya suna nan dab da sama, don haka ba a yin tsalle da ka a inda ba a sani ba.

Iyon kansa ba shi da wani sirri. Fara a hankali fiye da yadda zuciyarka ke so, minti biyun farko ne ke cinye masu gaggawa. Fitar da numfashi cikin ruwa, ja shi ta gefen da igiya ba ta dukanka. Bayan kowane bugu goma ɗaga kai ka nemi alamarka, kuma alamar ta zama abu mai tsawo da ba ya motsi, giginya ko hasumiyar masallaci, ba jirgin wani ba. In jijiya ta ɗaure, juya rigingine, kama galan, ja yatsun ƙafar zuwa wajen ƙaurinka har ta saki. Kafin ka gwada faɗin mita 300, ka tabbata kana yin ninkinsa biyu a gefen gaɓa, inda ƙafarka ke taɓa ƙasa, ba tare da ka tsaya ba. Ni wata biyu na yi ina wannan kai da kawowa kafin Kawu ya ɗauko filafili.

Ga mai tsaro a jirgi: wanda ruwa ke ci ba ya ihu. Za ka ga kansa ya langaɓe baya, baki na shiga yana fita, hannu na dannan ruwa, ba ya gaba ba ya baya. Miƙa masa gora ko ka jefa jarka. Kada ka faɗa ka tunkare shi ta gaba, zai hau kanka ne ku tafi tare.

In ka fito, goge jiki sosai, sa riga, sha shayi mai zafi. Ka guji zama cikin ruwa marar gudu na bakin gaɓa, mai ciyawa da kainuwa, don nan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take zama. In bayan wasu makonni ka ga jini a ƙarshen fitsari, je asibiti a auna, maganinsa Praziquantel ne. Sau biyu na sha shi, ɗacinsa har yau yana bakina.