Kurakuran da ke ɓata mana kallon ƙananan halittun ruwan kududdufi

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne mutum ya ɗebo ruwan kududdufi a kwalba, ya leƙa a maikroskop (na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa) sau ɗaya, bai ga komai ba, sai ya ce ai ruwan ba komai ciki ya zubar. Haba ɗan'uwa, ai yanzu wasan zai fara. Ruwan nan canzawa yake kullum, kwana biyu ko uku na farko bakteriya ne ke cika shi har ka ga wani yanayi kamar fata-fata a sama, daga nan masu cin bakteriyar su fito, ƙanana masu bulala ɗaya ko biyu, can bayan sati ɗaya zuwa biyu ka fara ganin Paramecium na yawo kamar silifa mai gashi, su Amoeba mai canza siffa da rotifa (ƙaramar dabba mai gashi kamar ƙafar keke a ka) kuwa sai ka yi haƙuri sosai. Tun 1674 wani mai bincike, Antonie van Leeuwenhoek, ya ga irinsu a ruwan wani tafki a ƙasar Holand da ɗan gilashin da ya goge da hannunsa, to kai da kake da na zamani me zai hana ka?

Kuskuren farko tun wajen ɗiba ake yinsa, a ɗebo ruwan sama mai haske zalla. Rayuwar tana ƙasa, a cikin laka da ruɓaɓɓen ganye da gansakuka. Ka haɗo da ɗan laka da ganye ɗaya ko biyu. Kuma don Allah ka sa safar hannu, ruwan da ke da katantanwa yana iya ɗaukar tsargiya, ba abin wasa ba ne.

Sai rufe kwalba gam. Ni ma na taɓa yi, bayan kwana huɗu na buɗe wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ni, laka ta yi baƙi, komai ya mutu saboda iska ta ƙare musu. Ƙyalle mai shara-shara za ka ɗaura a bakin da roba, iska ta shiga, sauro bai samu wurin yin ƙwai ba. Ka ajiye inda haske ke zuwa amma rana ba ta dukanta kai tsaye, in ba haka ba dafa su za ka yi. In ruwan ya ragu kar ka ƙara na famfo kai tsaye, kulorin ɗin cikinsa kashe su yake, ka nemi ruwan sama ko ka ƙara na kududdufin da ka tace.

Wanda ya fi ci min tuwo a ƙwarya kuwa shi ne ɗiba barkatai. Yau ka ɗigo daga sama, gobe daga ƙasa, jibi ka girgiza kwalbar, sannan ka zo kana cewa halittun sun canza, alhali kai ne ka canza wurin ɗiba, Euglena mai kore tana bin haske, Vorticella tana manne da ganye da ɗan igiyarta tana tsukewa tana miƙewa, Amoeba tana rarrafe a ƙasa, kowa da unguwarsa. Kullum ka ɗebi wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, a lokaci ɗaya, ka rubuta kwanan wata da kalar ruwan da warinsa da nawa ka ƙirga, ka zana ko da zanen bai yi kyau ba. Ƙwaƙwalwa ba za ta riƙe maka abin da ka gani ranar 3 ba in ka kai ranar 20.

A kan maikroskop ɗin ma, kar ka faɗa ƙarin girma ninki 400 kai tsaye, fara da 40 ka nemo su sannan 100. Rage hasken, yawancinsu garai-garai suke kamar ruwan, haske mai yawa ɓatar da su yake. Zoben nan mai baƙin gefe da ba ya motsi kumfar iska ce, don kauce mata ka kwantar da siririn gilashin da ake rufe ɗigon ruwan da shi a karkace a hankali. In Paramecium ya ƙi tsayawa, sa zaren auduga ƙwara biyu-uku a cikin ɗigon, zai maƙale a tsakani ka kalli gashinsa na kaɗawa son ranka.