Nisan Yamai zuwa Guangzhou ko Jidda: inda lissafinmu ke karkacewa

Ƴan kasuwarmu masu zuwa Sin saro kaya da alhazai masu haramar Jidda, kusan duk kuskure guda suke yi, mutum ya shiga Google ya ga kilomita sai ya raba da gudun jirgi ya ce ai awa kaza ce. Wannan lambar miƙaƙƙen layi ne kawai, ba hanyar da za ka bi ba. Yamai zuwa Guangzhou wajen kilomita 11,500 ne a miƙe, jirgin fasinja kuma yana cin 800 zuwa 900 a awa, sai ka ce to awa 13 ko 14 na sauka. Ina! Babu jirgin da ke tashi daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai ya dire Guangzhou kai tsaye, dole ka yi eskal, wato ka sauka ka canza jirgi, a wani gari kamar Addis Ababa ko Istanbul, kuma zaman eskal ɗin nan shi ne ke cinye mutum, wani lokaci ya kai rabin yini kana gyangyaɗi bisa kujera. In kana ajans, wurin masu sayar da tikiti, kada ka tambayi kilomita, ka ce su faɗa maka jimillar awannin tafiya har da jira.

Wanda ya fi rikita mutane kuwa agogo ne. Lokacin da ke rubuce a tikiti na garin da abin ya shafa ne, tashi da agogon Yamai, sauka da agogon can. Saudiyya ta riga mu da awa 2, Sin da awa 7. A ce an rubuta tashi ƙarfe 10 na dare, sauka Jidda 6 na safe, sai Hajiya ta ɗauka awa 8 za ta yi sama, alhali 6 ne, cire biyun kawai za ka yi. Wajen dawowa kuma ƙarawa ake. Sannan ɗan "+1" ɗin da ke gefen lokacin sauka ba ado ba ne, washegari yake nufi, mutane nawa sunka sa a je tarbarsu ranar da ba ita ba.

Akwai kuma mil da kilomita, wasu shafukan da mil suke bada nisa, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, shi ya sa wani zai rantse maka Jidda 2,500 ce wani ya ce 4,000, duk gaskiyarsu.

Kuma ko 4,000 ɗin ba kullum ba, tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 jirage da yawa kewaye sararin ƙasar suke yi, hanya ta ƙaru. Iska ma na da nata, tafiya gabas ta kan fi dawowa yamma sauri saboda iskar can sama mai turo jirgi ta baya, don haka in ka ga awannin dawowa sun ɗara na zuwa kada ka koma ajans da faɗa.