Shawara ga 'yan uwa masu adaidaita sahu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma ta ci gaba da hawa. Ga balas, wato kuɗin da ake kai wa mai keke, ga kuɗin tikiti kullum, wallahi wani sai ya wuni a titi ya koma gida bai haɗa na cefane ba.

Don Allah ku riƙa duba iskar taya da safe kafin ku fita. Taya idan ta yi laushi, injin yana wahala wajen ja, sai ya sha mai ba ka sani ba, alhali wajen mai faci minti biyu ne. In kana layin jiran fasinja, kashe injin. A bar murza totur da ƙarfi in danja ta saki, kuma bakanike ya duba fulogi da kafireto lokaci-lokaci.

Man 'yan bumburutu a kiyaye, wani gauraye yake, gyaran da zai jawo ba ƙarami ba ne.

Duk harajin da ka biya, karɓi rasit ka adana a leda cikin keken, don kada a sake karɓa a gaba.